Sakata ta Ciki

Ajiye wayar nan tukuna, Rashid, na ga hoton. Kusan kowane mako sai wani ya miƙo mini irinsa: ɗaki guda na tufafi, fitila a kowane kanta, takalma a jere kamar a shago. Wokin kuke ce masa, wato wadrob ɗin da mutum ke shiga cikinsa da ƙafarsa. Ɗayan kuma na jikin bango ne, wanda ake kafawa a ɗakin kwana daga ƙasa har silin, ka buɗe ka ɗauki rigarka ka rufe. Kai ɗan ƙanena ne, kuna gini a unguwar Lamashegu nan Tamale kai da amaryarka, kun zo ku ji wanne ya fi. Abokan nan naka da suka rako ka kuma na ji su tun daga bakin titi suna cewa ai maganar minti biyu ce, tunda kafinta ba abin da ya iya sai yanka katako da buga ƙusa. To ku zauna a bencin nan, ni na yi shi, ba zai karye ba.

Aikin farko da maigidana Masta Abdulai, Allah ya jiƙansa, ya yarda na sa hannu a ciki a nan Aboabo, kabad ne na wani mai sayar da batakari, rigar saƙin nan mai kauri ta mutanenmu. Kafin nan na yi shekara biyu ba abin da nake yi sai riƙe katako da wasa zarto da shara. Na ɗauko tef zan je in auna bango, Masta ya fizge tef ɗin ya ce in je hannu wofi in ga kayan mutumin tukuna. Na je na tarar da batakari jibge, kowace nauyinta kamar an jiƙa ta. Irin wannan riga in ka rataye ta, wata biyu kafaɗunta sun zazzago, wuyan ya buɗe. Ninke ta ake yi. Haka babbar riga mai sitaci, haka atamfar mata. Rabin hoton da ke cikin wayoyinku na mutanen da ke rataye kot ne, mu kuwa mutanen ninki ne, kanta muke buƙata fiye da sandar rataya. Na koyi wannan tun ina yaro, har na ɗauka na gama sanin aikin.

Na jikin bango ba shi da wuyar fahimta, amma yana da sharuɗɗa. Ka bar fulasta ta bushe sarai kafin ka jingina masa katako, in ba haka ba damina ɗaya bayansa ya yi fumfuna. Ka ɗaga shi daga ƙasa saboda ruwan goge ɗaki da gara. Zurfinsa ƙafa biyu, kuma ƙafa biyun nan daga ɗakinka za a cire su, ba daga na maƙwabci ba. Ka kuma duba wane bango ne. Na taɓa kafa wa wani malamin makaranta mai ƙofofin madubi a bangon gabas, na yi ta yabon kaina, washegari ya zo ya ce tun asuba yake salla yana kallon wani mutum mai kama da shi yana yi masa ruku'u. Sai da na cire ƙofofin na juya su ciki. Sannan katako. Akwai odum, mai nauyi, gara na jin tsoronsa. Akwai farin nan mai laushi mai araha da mutanen kudu suka raɗa wa suna wawa, kuma duk wanda ya raɗa sunan kamar ya ji Hausa. Wokin kuwa tun a kan takardar gini ake yanke shawararsa, domin ɗaki ne sukutum kake ba tufafi.

Akwai shekarar da aiki ya tsaya mana cak. An cika gari da wadrob na shigowa daga waje, irin na garin katako da aka matse aka lulluɓe da leda mai sheƙi, ga kuma yaran alminiyam da gilashi sun buɗe shago a kowace kwana. Amare suka daina zuwa. Na koma sassaƙa allunan makarantar allo da gyaran ƙafar kujera, babban zartona ya yi tsatsa a rataye. Da damina ta sauka, na shigowar nan suka kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi, mutane suka fara dawowa. Sai dai sun dawo da sabuwar tambaya: Masta, ina hotunan ayyukanka? Ni da na shekara talatin ina aiki ba ni da hoto ko ɗaya. Ku riƙe wannan, domin shi ya kai ni ga abin da na yi wa Hajiya Sanatu.

Hajiya Sanatu mai atamfa ce a kasuwar Aboabo, sa'ata ce, tun muna matasa muke gaisawa. Duk zaman aurenta ta yi shi ne a babban gidan dangin mijinta, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, mutane kamar tasha. Duk wanda ya taso daga ƙauye, mai zuwa asibiti, mai neman makaranta, mai jiran mota, a ɗakinta ake yi masa shimfiɗa, tunda ita ce mai fanka kuma ita ce ba ta ɓata rai. Da guminta ta sayi fili a Kasalgu ta tayar da gida. Kafin a yi rufi an riga an rabe ɗakunan a baki: wannan na Alhaji mijinta, wannan na samari, wannan na baƙi, kuma na baƙin har ya sami mai shi. Zan gaya muku tun yanzu abin da ni ban gane ba sai da na ɓata shi. Matar nan ba wurin ajiye zannuwa take nema ba. Wuri take nema da za ta shiga ta rufe ta zauna ita kaɗai, ko na rabin awa ne, ba mai ce mata Mma ina gishiri.

Ranar da ta kai ni wurin a yelo-yelo, keken haya mai ƙafa uku, mun tarar da Alhaji da magini da wasu ƙannen Alhaji biyu suna zagaya gini. Ta shige da ni ɗakin kwananta, ta nuna mini wani ƙaramin ɗaki a bayansa, ƙafa bakwai a takwas, bulo tsirara, ƙofarsa ɗaya kuma ta cikin ɗakinta take. Duk suka biyo mu suka tsaya a bakin ƙofa. Ta zaro sallaya daga jakarta ta shimfiɗa a tsakiyar simintin.

Ta ce, "Masta Garba, kanta a dama, kanta a hagu, masu zurfi. Tsakiya ka bar mini daidai faɗin wannan. Kada ka ƙara ko yatsa."

Na ce, "Hajiya, ai da kyar za ki juya a ciki."

"Zan juya."

"To taga fa? Magini ya manta bai bar taga ba."

"Bai manta ba, ni na hana. Ƙananan ramukan nan na sama sun isa, sai a sa fanka."

Sai ta sake sa hannu a jaka ta miƙo mini wani abu a ƙulle cikin leda. Sakata ce ta ƙarfe, mai kauri, sabuwa. Ta ce ta ciki zan sa. Na yi dariya, na ce, "Hajiya, zannuwan ne za su riƙa kulle kansu?" Ƙannen Alhaji suka taya ni dariya. Ita ba ta yi ba. Ta dube ni ta ce, "Ka dai sa."

Yanzu ku da kuka yi boko ku duba lissafin matar nan. A garin nan duk wurin da ke da ƙofa da taga, tabarma kuma ta shimfiɗu a cikinsa, sunansa ɗaki, kuma ɗaki ba ya zama wofi alhali ɗan'uwa na kwana a falo. Ba a hana baƙo wuri, sai dai in wurin ne ya hana kansa. Ita ta zauna ta tsara lungun da babu mai iya ba babba shi ba tare da an ji kunya ba: ba taga, ba faɗin katifa, sai dai mutum ɗaya ya yi salla ya miƙe ƙafa. Kuma ba za ta iya faɗin haka a gaban dangin miji ba, ko da wuƙa a wuya. Ta faɗa mini da sallaya da sakata, ni kuwa ina can ina tunanin hoto.

Kwana uku bayan nan 'yarta ta haihu a Kumasi, Hajiya ta tafi zaman jego na kwana arba'in. Aikin ya rage daga ni sai magini sai Alhaji, shi kuwa Alhaji mutum ne da ban taɓa jin ya ce wa kowa a'a ba. Na zaunar da shi na yi masa karatu. Na ce zafin Tamale in ya tsaya, ɗaki ba taga tanda ne. Na ce da damina zannuwa za su yi wari, kyankyasai su yi gari a ciki. Na ce wokin na gaskiya sai da fili, mutum ya tsaya ya juya ya kalli kansa. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, wallahi, ba ƙarya ko ɗaya. Alhaji ya ce, "Masta, kai ne ka san aiki." Magini ya ɗauko guduma ya fasa bango.

Ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, kuma har gobe ina faɗa. Odum na zaɓo da hannuna, busasshe, na bar shi mako guda a inuwa ya saba da iskar wurin. Na auna ninkin atamfar Hajiya a shagonta, na yi kantocin dama daidai da shi, turmi ya shiga ya zauna ba ya leƙowa. Bangon ƙarshe na sa sandar rataya da durowa shida masu sulɓi, yatsa ɗaya ya ja su. Bangon hagu kuwa, inda ta ce a yi kanta mai zurfi, na yi 'yar siririyar ma'ajiyar takalma da dogon madubi, sai tsakiya ta buɗe, ƙafa huɗu da rabi. Tagar na sa mata gilashin luba, mai falle-falle da ake buɗewa a rufe, da raga, tana kallon wata bishiyar darbejiya, iska na shigowa har da ƙamshi. A ƙofa na sa kuba mai makulli ta waje, yadda ake yi wa ɗakin dukiya. Sakatar Hajiya na jefa ta cikin akwatin kayan aikina, ina cewa a raina mata dai ba su san ƙarfe ba. Na kira mai hoto ya ɗauka ta kowace kusurwa. Hotunan nan su suka dawo da ni kasuwa, wokin uku na samu a kansu kafin shekara ta fita.

Hajiya ta dawo saura kwana biyu a yi addu'ar shiga gida. Na je na jira ta musamman, da sabuwar riga. Ta tsaya a bakin ƙofar wokin ɗin, ba ta shiga ba. Ta kalli taga. Ta kalli ƙasa, ta daɗe tana kallo, na ga leɓenta na motsi kamar mai awo. Ta sa hannu ta shafa bayan ƙofa inda sakata ya kamata ta kasance. Sai na ce bari in taimaka mata ta ga darajar abin.

Na ce, "Hajiya, ƙwanƙwasa ki ji. Odum ne zalla. Babu wawa ko ɗaya a cikin aikin nan."

Ta ce, "Akwai guda ɗaya, Masta, amma ba katako ba ne."

Sannan ta ce in toshe tagar in cike hagu kamar yadda ta faɗa, yau ɗin nan in zai yiwu. Raina ya ɓaci, na ga an raina gwaninta. Na ce katako sai an nemo, magini ya tafi wani aiki, a bari a gama taro, ai kwana biyu ba wani abu ba ne. Ta ce, "To," ta juya.

Ranar addu'a gida ya cika. Malamai suka yi karatu, aka ci shinkafa da tuwo, sai Alhaji ya kama hannuna ya ce in zo a yaba mini a gaban jama'a. Ya ja ayarin danginsa ɗaki ɗaki yana nunawa, har cikin ɗakin Hajiya, har wokin. A gaban ayarin akwai yayarsa Mma Azara, tsohuwa mai sanda, wadda ta zo daga ƙauye don taron da kuma ganin likita saboda gwiwa. A gidan su Alhaji in Mma Azara ta yi tari, kowa sai ya gyara zama. Hausarta irin ta kasuwa ce, kowa da komai namiji ne a bakinta. Ta shiga ta tsaya a tsakiya, iskar darbejiya ta bugo ta, ta lumshe ido.

Ta ce, "Wannan ɗaki ya yi sanyi. Wane ne yana kwana nan?"

Alhaji ya ce, "Ba kowa, Mma. Na kaya ne."

Ta buga sandarta a tayil ta ce, "Zane ya samu taga, ya samu fanka, ni yayanka ina kwana falo da yara?"

Ido duka ya koma kan Hajiya, tana tsaye a baya da tiren ruwa a hannu. Ta yi abin da kowace matar kirki a garin nan za ta yi, ta yi murmushi ta ce, "Mma, ai naki ne." Kafin la'asar samari sun shigo da katifa. Ina tsaye na ga ta shige ta kwanta lafiya lau, har da sauran wurin buta da kwanon goro a gefe. Aunawata ce, ba ta kuskure ba. A nan ne kan nawa ya buɗe, na ji kunyar da ban taɓa ji ba a sana'a.

An ce mako biyu za ta yi ta gama da likita. Gwiwa ta yi sauƙi, Mma Azara ba ta tafi ba, kuma wa zai tambaye ta? Ku tuna ƙofar wokin ta cikin ɗakin Hajiya take. Duk mai zuwa gaishe da tsohuwa, kuma kun san gaisuwar mutanenmu na nan, a durƙusa a yi ta naa, naa har a tambayi lafiyar kaji, sai ya ratsa ta gaban gadon Hajiya. Masu jiran layi a bakin gadon suke zama. Jikoki suka mai da wurin hanya. Kantocin da na auna da turmin atamfa suka cika da daddawa da busasshiyar kuɓewa da ƙullin magani, har abokan cinikin Hajiya suka fara tambayarta ko ta koma sayar da kayan miya. A tsohon gida aƙalla tana da ɗakin da baƙo ke tafiya wata rana.

Bayan wata takwas ta aiko a kira ni. Na tafi ina shirya ban haƙuri a hanya. Na ce, "Hajiya, har yanzu zan iya toshe tagar nan in cike hagu, ba sai kin ce komai ba."

Ta ce, "Da mutum a ciki?"

Ta nuna bangon ɗakin kwananta ta ce in yi mata na jikin bango, ta kwashe zannuwanta daga cikin daddawa. Wannan karon tef na riƙe kawai, ita ke faɗa ina rubutawa. Ta ce kanta bakwai, na yi bakwai. Ta ce ba madubi, ban sa ba. Ya fito da kyau, ya kuma cinye ƙafa biyu daga ɗan filin da ya rage mata. Ka ga Hajiya ta mallaki duka biyun da kuke gardama a kai, wokin da na jikin bango, mace ta farko a layinsu.

Ranar da na gama ina tattara kaya, ana kiran la'asar, ta ce, "Masta, sakatar nan da na ba ka tana nan?" Tana nan, a ƙasan akwati, cikin ledarta. Na ɗauko da sauri, na ɗauka a ƙofar ɗakinta za a sa, sai na tuna ba dama, ta nan tsohuwa ke wucewa.

Ta ce, "Sa wa Mma. Ta ce yara na damunta da shige da fice, ba ta samun hutawa."

Na shiga na durƙusa na gaishe da Mma Azara, na ɗaura sakatar a bayan ƙofa, ta ciki, daidai inda Hajiya ta shafa da hannunta ran nan. Sukurori huɗu, ko minti biyar ban yi ba. Na fito, tsohuwa ta tura ƙofa, muka ji ƙarfe ya shige garam. Daga ciki ta ɗaga murya ta ce, "Masta, Allah ya yi albarka. Yanzu mutum ya samu wurin kansa."

Hajiya na tsaye kusa da ni da sallayar nan a ninke a hammata. Yara uku na kan gadonta suna kallon waya, wata baƙuwa na zaune a ƙasa tana jiran a buɗe ta yi gaisuwa. Ta duba dama ta duba hagu, ta ce wa baƙuwar ta ɗan matsa, ta shimfiɗa sallayar tsakanin gado da sabon wadrob ɗina ta ta da salla. Na ɗauki akwatina na fita a hankali, ban tsaya sallama ba. Mma Azara na nan har yau, lafiyarta ƙalau, in mun haɗu a wurin suna takan nuna ni ta ce ga mai aikin kirki.

To, Rashid, ka tambaye ni wanne ya fi. Tashi kai da abokanka ku je bakin titi ku sha koko, ku ba ni rabin awa, ka bar wayar a aljihu. Ke kuma amarya, tun da kuka zo ba ki ce uffan ba, sai kallon ƙasa kike yi, kuma na san dangin mijin nan naki, nawa ne, na san yawansu. Matso kusa. Ga tef, ga alli, ga ƙasa. Zana mini faɗin da kike so a tsakiya, ba zan ƙara ko yatsa ba.